Makarantar da Armelle Ta Ƙi Ceta

Armelle Kerjean ta riga ni zuwa makarantar Trevanec da shekara uku. Ni na iso a watan Satumba na 1982, da akwati ɗaya da takardar shaidar koyarwa sabuwa fil. Na same ta tsugune a tsakar makaranta tana ɗaure wa wata yarinya igiyar takalmi, ga karan sigari maƙale a bayan kunnenta. Ko miƙewa ba ta yi ba ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ce Gwenola? An ce za a turo mana malama, ashe 'yar makaranta aka ƙaro mini."

Aji biyu ne makarantar. Ita ke riƙe da ƙanana, ni aka ba ni manya. Bangon da ya raba mu siriri ne, saboda haka shekara goma sha ɗaya na yi ina jin yadda take koyarwa ko ban so ba. 'Yar bakin teku ce. Uwarta ta yi shekara talatin tana yanke kawunan sardin a kamfanin kifin gwangwani, kuma muryar matan wurin Armelle ta gado, irin wadda aka saba ɗagawa don ta fi ƙarar inji. In tana dariya, 'yan ajina sai su ajiye biro su yi ta murmushi, ba su ma san abin da ake wa dariyar ba.

Ban taɓa ganin wanda ya iya koya wa yaro karatu kamarta ba. Yaron da ya gagari kowa, wanda iyayensa ma suka cire rai, sai ta zauna da shi a ƙasa, ta miƙe ƙafa, su yi ta hirar shanun babansa. Kafin bikin Ista za ka ji shi yana harhaɗa baƙaƙe da ƙarfi, ita kuma tana buga bango tana kira na, "Gwenola, kina ji? Kina jin wannan ja'irin?"

Mijinta Ronan direban tankar madara ne, mutum mai shiru, wanda in ya yi maka magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Ba su haihu ba. Matan gari sun yi ta tsegumi a kai, har wata tsohuwa ta tare ta a gidan burodi tana yi mata jaje. Armelle ta ce, "Haba, ashirin da shida gare ni. Kuma ƙarfe huɗu da rabi nake mayar wa masu su, in je in yi barcina."

Katin ƙungiyar malamai kowa na da shi a lokacin, amma ita ko taro ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Cewa take yi taron masu son jin muryarsu ne. Abin da ya ja ta ciki shi ne maganar Malam Riou, wani dattijo da ke koyarwa a ƙauyen da ke gaba da namu. Kunnensa ya fara nauyi, saura shekara biyu ya yi ritaya. Sufeto ya zo duba ajinsa, ya yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa a gaban yara don ya kama shi, yaran suna dariya. Daga baya ya rubuta cewa mutumin bai cancanci aji ba, aka kira shi ofishin ilimi na lardi a birni. Malam Riou ya zo makarantarmu ranar Talata, yana tambayar ko akwai wanda zai raka shi, don ba ya son shiga shi kaɗai.

Armelle ta ɗauke shi a tsohuwar motarta. A wurin ajiye motoci na ofishin ta zauna ta karanta littafin dokokin aiki, karo na farko a rayuwarta, dattijon yana gefe yana share gumi. Abin da ta faɗa musu a ciki ban sani ba, don duk lokacin da ta ba da labarin sai ya canza. Na dai san an janye rahoton, kuma Malam Riou ya ƙarasa shekara biyunsa a ajinsa.

Daga nan wayar gidansu ba ta sake hutawa ba. Wannan an hana ta hutun haihuwa yadda ya kamata, wancan an tura shi wuri mai nisa da gangan, waccan shugaban makaranta ya sa ta a gaba. Ronan ya taɓa ce mini, "Gidan nan ya koma ofis, saura a saya mini hula in zama masinja." Wannan ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a shekarar.

A 1993 aka zaɓe ta sakatariyar ƙungiya ta lardin gaba ɗaya. Aikin ba ya haɗuwa da aji, sai an sauke mata koyarwa. A kicin ɗinta ta gaya mini, tana juya fanken baƙin gari a kasko, ta ba ni baya.

Ta ce, "Shekara biyu ne kawai. In gyara musu abin da ya lalace in dawo."

Na ce, "Ba za ki dawo ba."

"Ke dai ki sa mini ido a kan wadda za a kawo. Kar ki bari ta cire zanen yara daga bango. Kuma murhun ɗumama ajin sai an buga shi da ƙafa yake kamawa, ki gaya mata."

"Mel, na ce ba za ki dawo ba."

Ta juyo da cokali a hannu ta ce, "Bakinki ya sari dutse. Ci fankenki."

Shekara goma sha shida ta yi a kujerar. Ba zan ce ba ta yi aiki ba, don na ci moriyarsa ni ma. A zamaninta aka daina barin aji babu malami in mace ta tafi haihuwa. Ta jagoranci yajin aiki na mako biyar wanda har yau tsofaffinmu ke ba da labarinsa, aka buga hotonta a jarida tana tsaye a bayan wata babbar mota, ruwan sama na dukan ta, lasifika a hannu ko da yake ba ta buƙatarsa. Sufetoci suna jin takunta a baranda sai su gyara zama. Ta san sunan kusan kowane malami a lardin, da sunan matarsa, da ciwon da ke damunsa.

Gidanta yana nan Trevanec, amma da asuba take fita, sai dare ya yi ta dawo. Da farko duk ranar da ta sami sarari sai ta leƙo makaranta, yara su yi caa a kanta. Sannu a hankali waɗanda suka san ta suka wuce sakandare. Wata rana ta shigo da rana tsaka, sanye da kwat, ga jaka cike da takardu, wata yarinya ta ja mini riga ta ce, "Malama, wace ce wannan matar? Sufeto ce?" Armelle ta yi dariyarta mai ƙarfi. Sai ta fita bayan makaranta ta sha sigari uku a jere, ina hango ta ta taga. Bayan wannan ta rage zuwa.

Garin kuma yana ta ƙanƙancewa. Samari suna tafiya birni, gonaki goma suna komawa hannun mutum ɗaya. Yaran da suka haura hamsin lokacin da na zo suka koma talatin, aka rufe aji ɗaya, aka bar ni ni kaɗai da manya da ƙanana a ɗaki guda. Duk watan Janairu ofishin ilimi kan fitar da jerin azuzuwan da za a rufe, kowa ya yi ta fargaba. A 2007 sunan Trevanec ya fito. Yara goma sha tara suka rage mana, kuma rufe ajina yana nufin rufe makarantar.

Mun yi abin da ake yi. Iyaye suka mamaye makarantar, aka rataya zannuwan gado da rubutu a kan shinge, manoma suka tare babbar hanya da taraktoci na rabin yini. Magajin garinmu, Herve Le Dantec, wanda ya yi shekara talatin yana riƙe da garin kamar gonarsa, ya yi ta yawo yana kwantar wa mutane hankali. Maganarsa ɗaya ce, "Ku bar damuwa, ai muna da Armelle." Ni ma haka na ɗauka. Ita ke zama gaban daraktan ilimi a teburin da ake tattauna jerin. Wa zai rufe makarantar Armelle?

Ranar Asabar da la'asar Armelle ta kira taro a zauren gari. Ya cika maƙil, har da waɗanda jikokinsu ma sun gama makaranta. Ta ƙi hawa dandamali, ta tsaya a ƙasa, hannuwanta cikin aljihun kwat.

Ta ce, "Azuzuwa ashirin da uku suka so rufewa. Mun ƙwato tara. Trevanec ba ta ciki."

Herve ya ce, "To, sai a koma. Ki sake shiga ki matsa musu."

"Ba a nan maganar ta tsaya ba, Herve. Gara ku ji daga bakina. Bayan taro darakta ya tsayar da ni a baranda. Ya ce ya san garinmu ne, ya san ajina ne. Ya ce zai cire Trevanec daga jerin, in ni kuma na janye maganar malamin da muke nema wa makarantar unguwar mayanka a birni. Kujerar malami ɗaya ce ta rage, ko nan ko can."

"Sai kika ce me?"

"Na ce a'a."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Ta ɗaga wannan muryar tata ta ce a can yara talatin da uku ne a aji ɗaya, 'ya'yan masu aikin yankan kaji, rabinsu sun zo ƙasar nan ba su jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Ta ce malamar ajin ta yanke jiki ta faɗi sau biyu a bana. Ta ce yaranmu goma sha tara mota za ta kai su makarantar Plouvez, tafiyar minti ashirin. Ta ce malaman lardin nan ba su zaɓe ta don ta ceci garinta a baranda ba, kuma ranar da ta karɓi irin wannan alfarma, to darakta ya saye ta har abada.

Wani ya yi ihu daga baya, "'Yar birni!" Wata ta ce, "Ki koma can ki zauna da su mana!" Herve ya ce, "Armelle, a garin nan aka ɗaura miki aure. Ni na ɗaura shi."

Sai na miƙe. Shekara ashirin da biyar na yi a ajin nan nawa, na san kowane tsagi na bangonsa, kuma zuciyata tafasa take yi. Na ce, "Mel, yaushe rabon ki da share wa yaro majina? Yaushe rabon ki da alli a hannu? Ke yanzu ba malama ba ce. Lamba kike gani a takarda, kamar su. Ko aji aka ba ki yau, ba za ki iya riƙe shi ba."

Na ga maganar ta shige ta. Ta dube ni, ta gyara wuyan kwat ɗinta, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita, Ronan na biye da ita.

A ƙarshen Yuni na rufe makarantar da hannuna, na kai wa Herve makulli. Aka mayar da ni Plouvez tare da yaran. Shekara biyu bayan nan gidan burodi ya rufe, don iyaye a Plouvez suke sayen burodinsu in sun je ɗaukar yara. Iyali uku masu ƙananan yara suka tashi. Duk abin da ya mutu a garin, sunan Armelle ake kira. An zuba musu takin shanu a ƙofar gida sau biyu. Abokan kartar Ronan suka daina kiran sa. Amma ba su tashi ba. Gidana da nasu gida huɗu ne tsakani, kuma shekara biyar da rabi muna haɗuwa a hanya, ta ɗaga mini kai, ni in kau da nawa.

Na ji a bakin mutane cewa ta sauka daga kujerar ƙungiya, ta nemi a mayar da ita aji. Na ji an ce makarantar unguwar mayanka ta zaɓa. Na kuma ji an ce ko shekara ba ta cika ba ta bari. Ban tambayi dalili ba. In faɗi gaskiya, na ji wani daɗi-daɗi a raina, kuma har yau kunyar wannan daɗin nake ji.

Wata safiyar Lahadi a watan Nuwamba na 2012 aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ronan ne, hula a hannu, ya tsufa ƙwarai.

Ya ce, "Ta ce kar in zo."

Na ce, "To me ya kawo ka?"

"Huhu ne. Likita ya ce watanni."

Na ɗauki rigar sanyi na bi shi. An sauko mata da gado falo, kusa da taga. Ta rame har na kasa gane hannuwanta, kuma muryar nan ta tafi, sai wata 'yar siririya mai shaƙewa. Da ta gan ni sai ta harari Ronan ta ce, "Munafuki. Shekara talatin ba ka magana, sai yau." Sannan ta ce mini, "Zauna mana, kin tsaya kamar sufeto."

Na zauna. Na fara cewa, "Mel, maganar da na yi a zaure..."

Ta ɗaga hannu. "Bari in ba ki labari tukuna. Na koma aji, kin ji ai. Sun ba ni 'yan shekara shida, su ashirin da huɗu. Ashirin da huɗu, Gwenola, saboda kujerar nan da na hana ku. Na shiga da murnata, na yi sabon aski. Na buɗe baki, sai na ji jawabi nake yi musu. Jawabi, kamar ina gaban darakta. Na zauna a ƙasa, gwiwa ta ƙi, sai da yara biyu suka ɗaga ni. Ga wasu sababbin littattafai da ban san kansu ba, ga allo mai lantarki. Duk wannan da sauƙi. Haƙurin ne babu. Shekara goma sha shida ina koyon yadda zan katse mutum in kayar da shi a magana, ashe ba a cire wannan kamar kwat. Wata 'yar mitsitsiya ta ɗaga hannu ta ce, Malama, me muka yi miki kike mana faɗa? Ni kuwa ba faɗa nake ba."

Tari ya sarƙe ta, Ronan ya ba ta ruwa. Da ya lafa ta ci gaba.

"Kafin Ista yara shida ba su iya karatu ba. Shida, a ajina. Wata yarinya 'yar shekara ashirin da huɗu a ajin gefe ita ta riƙa ɗaukar su da rana tana gyara mini. Sai na kai takardar barin aiki. Saboda haka kar ki ba ni haƙuri. Gaskiya kika faɗa, kin dai faɗe ta a gaban mutane ne."

Na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da na rufe makarantar. Ita ba ta yi ba. Da na natsu na tambaye ta abin da ya daɗe yana cin raina, ko da za a mayar da ita barandar nan, za ta karɓi tayin darakta.

Ta ce, "A'a. Na juya shi ta kowace fuska, a'a yake fitowa. Amma da na roƙe ki ki raka ni zauren nan tun kafin in shiga. Na yi zaton za ki gane ba sai na yi miki bayani ba. A nan na yi wauta."

Wata huɗu na yi ina zuwa kullum bayan an tashi makaranta. Nakan kawo littattafan rubutun 'yan ajina, mu duba tare, tana tsaki tana cewa na cika rowar maki. Ba mu sake tayar da maganar ba. Ta rasu a farkon Maris, da safe, ina aji. Ronan ya bari sai da aka tashi sannan ya kira ni, wai ita ta ce kar a katse mini darasi.

Ranar jana'iza motoci suka cika hanya tun daga mararraba. Malamai ɗaruruwa daga ko'ina a lardin, wasu da sanduna, wasu da jarirai. Wata matashiya daga ƙungiya ta karanta jawabi mai kyau, ta jero yajin aiki da dokokin da aka gyara da muƙaman da Armelle ta riƙe. Shekara goma sha huɗun da ta yi tana koyarwa a Trevanec layi ɗaya suka samu. Ronan ya roƙe ni in yi magana, na miƙe, na kasa, na koma na zauna.

Mutanen garinmu kaɗan ne suka zo. Da muke fita daga maƙabarta na tarar da Herve a bakin ƙofa, dogare da sanda, bai shiga ba.

Ya ce, "Ni fa har yanzu ban yafe mata ba."

Na ce, "To me ka zo yi?"

Ya ce, "'Ya'yana huɗu, duk a hannunta suka iya karatu." Ya sa hularsa ya juya.

Ronan bai iya zaman gidan ba. Kafin shekara ta zagayo ya sayar wa wasu mutanen Paris da ke zuwa a watan Agusta kaɗai, ya koma wurin ƙanwarsa a bakin teku. Yakan aiko mini da kati duk sabuwar shekara, sunansa kawai yake rubutawa. Bara katin bai zo ba, sai wasiƙar ƙanwar, tana sanar da ni rasuwarsa.